An Hana Turai Mutuwa

Ran da Turai ta cika a asibiti, ko awa ba a yi ba surukinta Mujtaba ya ja mijinta gefe ya ce, "Baba, don Allah kada maganar nan ta kai imara."

Ina tsaye kusa da su, da kunnena na ji. Mijin, Malam Ghali, abokina ne tun zuwana Riyad, direban motar 'yan makaranta, mutumin Gumel, mai sanyin magana. Ya dubi mijin 'yarsa ya kasa gane inda ya dosa.

"Wace magana?"

"Rasuwar Mama. Kada kowa ya ji a can."

Imarar da yake nufi wani bene ne a unguwar Shifa, hawa biyar, kowane sashe da mai shi. Sashen da Ghali yake ciki, abin da ake kira shigga a nan, na Mujtaba ne. Shi Mujtaba ɗan ƙasa ne, jikan Hausawan nan da suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Yana auren Rufaida, 'yar Ghali ɗaya tilo, suna zaune a Nasiriya. Shiggar Shifa kuwa surukansa ya ba haya, kuma haya ta sosai, babu kara a cikinta.

Masu sassan benen suna da ƙungiya, ƙungiyar kuma tana da dokoki biyu da aka liƙa a bakin lif. Ta fari, ba a ba gwauro haya, sai mai iyali. Ta biyu sabuwa ce: wai 'yan haya sun yi yawa, saboda haka duk wanda ɗan hayarsa ya fita ba zai sa wani ba sai ya shiga jerin masu jira, jerin da ba wanda ya san ranar ƙarewarsa. Ko ya dawo ya zauna da kansa, ko ya sa kwaɗo.

"Baba, ka gane mana," in ji Mujtaba da Hausarsa mai ɗingishi. "Yau da safe kai mai iyali ne. Yanzu a nizami, a doka, kai azabi ne, gwauro. In Abu Salih shugaban ƙungiya ya ji, kai za ka fita, ni kuma shigga ta zama kango. Duk mu biyu muka yi asara. Wallahi don kai nake yi."

Ghali ya juya wajen 'yarsa. Tana zaune a kan benci tana kuka cikin niƙabi. Ta ce, "Abba, ka ji maganarsa. Na ɗan lokaci ne. Mama ba za ta so a jefa ka titi ba."

Mama tana bayan labule, ba ta da bakin cewa e ko a'a.

Aka yi mata salla a wani masallaci can gabashin gari, inda ake jera gawawwaki bayan la'asar, liman ya haɗa su a salla ɗaya. Mu da muka raka ta ba mu cika sahu ba. Tsakiyar zafi ne, rabin mutanen imara sun tafi hutu, wasu Abha wasu Masar. Mujtaba ya ce wannan ma rahama ce daga Allah. Ni dai a ɗan karatun da na yi ban ci karo da irin wannan rahama ba.

Babu zaman makoki. Babu tabarma, babu kujera ko ɗaya a ƙofa. Direbobin da suka ji labari suka ce za su zo gaisuwa, Mujtaba ya ce a gaya musu su yi ta waya, don in aka ga baƙaƙen maza suna hawa suna sauka za a yi tambaya. Wayar ma sai Ghali ya shiga banɗaki ya sakar wa bokiti ruwa kafin ya amsa, saboda bangon shigga kamar kwali yake.

Ranar uku na kasa haƙuri na je. Na tarar da mai gadin imara, Nafiou, mutumin Maraɗi, yana wanke motar wani. Ya san komai, shi ya kira motar asibiti.

"Nafiou, kai ma an ɗinke maka baki?"

"Baba Ɗan'iya, ni haris ne, mai gadi. Aikina ruwa da shara. Wanda ya mutu da wanda yake raye ba sa cikin aikina." Ya matse tsumma. "Mujtaba ya ce in magana ta fita, ta wajena ta fita. Ina da 'ya'ya a gida suna jiran abin da zan aika. In kai ne fa?"

Na hau. A ƙofar shigga takalman Turai suna nan, shuɗɗa, an ajiye su kamar yanzu ta cire. Na tsaya ina kallonsu. Na hagu ya fi cinyewa ta gefe, don tana jan ƙafar nan tun da sukari ya kama ta. Wata kyanwar imara mai guntun kunne ta zo ta shinshina su, ta ja da baya, ta bi matakala ta sauka.

Ghali ya buɗe, ya jawo ni ciki da sauri ya rufe.

"Malam Ghali, ya haƙuri?"

"Rage murya." Ya nuna bango. Sannan a hankali, kamar mai satar magana, ya ce, "Da godiya."

"Wa ya ajiye takalman?"

"Yaron nan. Ya ce kullum in sauya musu zama kada su yi ƙura."

Ba ya kiran sunan surukinsa, haka ma na 'yarsa, tunda ta fari ce. Kunyar ta gefe ɗaya take tafiya.

Da masu hutu suka fara dawowa, ƙofa ta fara samun bugu. Mai bugawar Ummu Salih ce, matar shugaban ƙungiya, tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke hawa na biyar. Ita da Turai sun daɗe suna musayar kwano, wannan ta aiko shinkafa da rago, waccan ta mayar da waina ko dambun nama.

"Ummu Rufaida tana nan?"

"Tana barci."

Washegari Ghali ya ce mata ta je wajen 'yarta. Rana ta gaba ya ce ba ta jin daɗi. Ghali ya ce mini duk ƙarya ɗaya sai ya sake alwala, har tsakanin yatsunsa ya yi fari ya fara tsagewa. Tsohuwa ta koma aiko da farfesu wai don marar lafiya. Bai iya ci, bai iya zubarwa. Kuma ba a mayar da kwano haka nan, sai ya riƙa ɗiban yajin da Turai ta daka na ƙarshe yana ƙullawa a leda yana sawa a ciki. Kullum yana kallon gwangwanin yana raguwa.

Sai Abu Salih ya faɗa wa Mujtaba, cikin raha, wai kyamarar ƙofa ta yi kewar surukarsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina zaune da Ghali sai ga Rufaida da mijinta. Ta wuce ɗakin uwarta, ta fito sanye da abayar Turai, irin ta tsofaffi mai ɗorawa a ka, da niƙabinta da safar hannu. Tsawonsu ɗaya. Ta taka daga ƙofar ɗaki zuwa taga, ta dawo.

"Abba, wace ƙafa ce take ja? Hagu ko dama?"

Ghali yana kallon dardumar ƙasa. "Hagu."

"Haka?"

"Ki ƙara karkata kaɗan," in ji Mujtaba. "Yauwa. Mumtaz. Baba, tashi. Kai a gaba ita a baya, yadda kuka saba. Ku je kanti ku dawo. A gaban kyamara kada ku yi sauri."

Ya tashi. Ta taga na gan su sun fito, tsoho a gaba, baƙar riga tana ɗingishi a bayansa. Nafiou ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu da fitowa, Hajiya," da ƙarfi, don na sama su ji. Inuwarta a kan kwalta ta Turai ce sak. Na daɗe ina tunanin ko inuwa a jikin riga take zama ba a jikin mutum ba.

Da suka dawo Rufaida ta tuɓe abayar ta jefa kan kujera, ta fesa wa jikinta turare.

Na ce, "Rufaida, ba kya jin tsoron Allah?"

"Baba Ɗan'iya, kai a can unguwar Gubaira kake, ba ka san nizami ba. Ni fa na rasa uwa. Kana tsammanin daɗi nake ji? Amma aurena fa? In shiggar nan ta tafi, a kaina za a huce."

"To ku ɗauke shi mana ya zauna wajenku."

"Haba, Abba a gidan suruki? Shi ma ba zai yarda ba."

"Kun tambaye shi?"

Mujtaba ya ce, "Ɗakin da ya rage na zuba injinan motsa jiki. Likita ne ya sa ni." Ya shafa tumbinsa ya dubi agogo.

Ghali ya miƙe. Ya ɗauki abayar, ya kaɗe ta, ya naɗe ta a hankali ya kai ɗaki.

Sau biyu ko uku aka yi wannan fita, sai Rufaida ta ce ta gaji, karkatar tana sa mata ciwon baya, kuma tana munanan mafarkai. Mujtaba ya kawo wata dabara. Wata 'yar sifika ce kamar gwangwanin tumatir, ya haɗa ta da wayar Turai, ya tattaro saƙonnin murya da ta taɓa aika wa mijinta, ya saita su su riƙa tashi da kansu bayan magariba. Ya ajiye ta a bayan ƙofa, inda mai wucewa zai ji.

"Fasaha ce, Baba. Kai ma za ta rage maka kewa."

Ran da na fara ji, muna shan shayi ne. Sai kawai murya ta ce, "Malam, in za ka dawo ka biyo da tumatir da albasa. Kada ka sayo irin na jiya, duk ya yi ruwa."

Wallahi sai da na waiga wajen kicin.

"Malam, ka sha maganinka?" Shiru kaɗan, da ƙarar cokali a tukunya. "Malam, kana ji na?"

Ghali ya ajiye kofi. "Ina ji."

"Malam Ghali," na ce, "kashe abin nan."

"Ban san inda ake kashewa ba. Kuma ya ce yana gani a wayarsa in an kashe."

Daga nan ya fara zubewa. Jallabiyarsa ta koma kamar an rataye a ƙusa. Na shiga kicin wata rana na ga ledojin tumatir a jere, na farko sun ruɓe sun yi gashi, na ƙarshe sabo fil. Kullum ta ce ya sayo, kullum ya sayo. Wata safiya ya ɗauko 'yan makaranta, bai farga ba sai a ƙofar asibiti, yara suna ta ihu a baya. Shugaban aikinsu ya ce in ya sake, ya ajiye mabuɗi.

Na kira Mujtaba na gaya masa. Ya ce tsufa ne, kuma zai sayo masa bitamin.

Abin da ya fi ci wa Ghali rai a masallacin unguwa yake faruwa. Ina gefensa wata azahar Abu Salih ya kama hannunsa da fara'a.

"Ya Abu Rufaida, alhamdu lillahi, jiya matata ta ji muryar Ummu Rufaida garau. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana."

Na kusa suka ce amin. Ghali ma ya motsa leɓe.

A hanya ya tsaya a gindin wata bishiyar dabino da ba ta taɓa haihuwa ba, ya ce, "Ɗan'iya, kai da ka yi allo, gaya mini. Masallacin nan cike yake, ba wanda ya taɓa cewa Allah ya jiƙanta. Nisan kwana suke roƙa mata. Wannan addu'ar ina take zuwa? Wa ake ba?"

Har yau ban sani ba.

Da arba'in ta matso, ya kira surukin nasa. Karon farko ke nan da na ji muryarsa ta yi tauri.

"Zan yi sadakar arba'in."

"A'uzu billahi, Baba, wannan bidi'a ce. A nan ba a yi. Babu ita a sunna."

Mutumin da ya sa gawa zuwa kanti, yau shi ne mai gudun bidi'a.

"Ban yi ta uku ba, ban yi ta bakwai ba. Haka na ga an yi wa uwata, haka aka yi wa tata. Wannan zan yi."

Mujtaba ya ja dogon numfashi. "Tayyib. Ka raba. Amma ba suna. Sadaka ai niyya ce, Allah ya san ta wace ce. Ka ce sadaka, ka wuce. Ka yi mini alkawari."

"Na ji."

Wata mata 'yar Kano a Gubaira ta toya mana waina. Ranar ta faɗo Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci muka fara daga hawa na ƙasa, ni da kula, shi da faranti. Ya buga, a buɗe, ya ce, "Sadaka." A karɓa a yi godiya. Wasu su ce a gaida Ummu Rufaida. Ya sunkuyar da kai mu wuce. Har hawa na huɗu alkawari yana nan.

A na biyar Ummu Salih ce da kanta ta zo bayan ƙofa. Ta miƙo hannu ta karɓi farantin. Muna juyawa ta ce, "Tsaya."

Muka tsaya.

"Wannan ba hannun Ummu Rufaida ba ne. Tata tana da tsami kaɗan, gefenta yana ƙonewa." Muryarta ta karye. "Ya Abu Rufaida, fushi take da ni? Tun dawowata nake buga ƙofa. Ina jin ta tana yi maka magana, ni kuwa ta ƙi ni. Ran nan na hango ta daga taga na kira ta, ko waiwaye. In na yi mata laifi ka ce ta yafe mini, mun tsufa, ba mu san wanda zai riga wani ba. Dare da rana ina tunanin me na yi."

Ghali ya dubi farantin da ya rage a hannunsa.

"Sadakar ma ta mece ce? Wa ya rasu muku?"

Na taɓa kafaɗarsa, ban san ko hana shi nake ko tura shi ba.

"Tata ce," ya ce. "Ba ki yi mata komai ba. Ta rasu. Yau kwana arba'in."

Aka ji faɗuwar tangaran a ciki. Tsohuwa ta ƙwalla salati, sannan kuka. Tana kuka tana cewa Allah ya jiƙanta, Allah ya jiƙanta. Ghali ya zauna a kan matakala ya ce "Amin" da wata irin murya da ta sauka har ƙasa ta dawo. Sannan ya fashe da kuka, baki buɗe, kamar yaro. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. Ban hana shi ba. Waina tana ta gangarawa a kan matakala ɗaya bayan ɗaya.

Bayan la'asar Abu Salih ya sauko. Ya rungume Ghali, ya sumbaci goshinsa, idonsa har da ƙwalla. Ya zauna, ya gyara rawaninsa.

"Allah ya girmama ladarka. Mace ce ta gari. Amma ya Abu Rufaida, nizami nizami ne. Ba ni na kafa ba, ƙuri'a aka jefa. In na ɗaga maka, gobe wani zai cika mana bene da samari, mu kuwa muna da 'yan mata."

"Na haura sittin."

"Doka ba ta ambaci shekaru ba. Sai dai ko za ka yi aure kafin ƙarshen wata? Zawarawa ba su yi wuya ba."

Ana haka Mujtaba ya shigo, Rufaida a bayansa. Bai dubi surukinsa ba. Ya zauna gaban Abu Salih ya saki Larabci, wanda ba ya ɗingishi ko kaɗan.

"Wallahi ya ammi, baffana, kunya ta hana ni zuwa wajenka. Tun ranar farko muke roƙonsa a sanar, ya ƙi. Mutuwar ta taɓa masa kai. Ya ce ba ta mutu ba. Shi ke ajiye takalmanta, shi ke kunna muryarta. Ka shiga kicin ka ga tumatir."

"Matar da ke cikin kyamara fa?"

"Matata ce. Kuka ya yi mata sai ta sa rigar. Uba ne, ya za ta yi?"

Abu Salih ya dubi Rufaida. Ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi sau ɗaya.

Na miƙe na ce ƙarya ne, da guntun Larabcina na kasuwa. Abu Salih ya tambayi ko ni wane ne. Mujtaba ya ce wani tsoho ne daga Gubaira mai magana da kyanwoyi. Aka kira Nafiou, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce shi bai ga komai ba, shi yana ƙasa.

Abu Salih ya leƙa kicin, ya fito yana toshe hanci. "Miskin," ya ce. "Mai irin wannan larura ai ba a barinsa shi kaɗai da tukunyar gas. Don lafiyarsa ma gara ya tashi."

Ghali yana jin Larabci sarai. 'Yarsa yake kallo, ita kuwa tana kallon farcenta.

Kafin ƙarshen wata ya dawo ɗakina a Gubaira, saman shagon masu walda, inda muke kwana da wasu direbobi. Akwati ɗaya ya kawo da gwangwanin yaji. Kayan ɗakin Turai Rufaida ta aiko mota aka kwashe. Direbobi suka zo masa gaisuwa a tsaitsaye, da ƙarar injin yankan ƙarfe a ƙasa, sai an yi ihu ake jin amin.

Sati bai cika ba Nafiou ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ana jera kujeru a ƙofar imara. Da jan kafet da fitilu da masu zuba gahawa."

"Bikin wa?"

"Makokin Hajiya. Mujtaba ya gaya wa ƙungiya wai abin kunya ne maƙwabciya ta tafi ba a zauna mata ba. Kwana uku za a yi. Ranar Asabar kuma ƙungiya za ta zauna kan maganar shiggarsa."

Ghali yana kusa, ya ji. Ya kira 'yarsa. Ta ce, "Abba, don Allah kada ka zo. An riga an gaya wa mutane ba ka da lafiya. In suka gan ka garau za ka ɓata komai."

Ya ajiye waya. Ya buɗe akwati ya ɗauko farar shaddarsa ta Idi da hula zanna.

"Tashi mu je. Makokin matata ne."

Mun isa bayan magariba. Titi ya yi haske kamar gidan biki, ƙamshin turaren wuta ya kai har bakin kwalta. Mujtaba yana tsaye a kan gaba cikin baƙar alkyabba mai bakin zinare, ido jawur, Abu Salih a damansa. Mutanen ofishinsa da danginsa da masu sassan imara sun yi dogon layi, kowa ya zo ya sumbace shi ya ce Allah ya ba shi haƙuri.

Na ga abubuwa a ƙasar nan. Na ga raƙumi a bayan motar ɗaukar kaya yana kallon mutane da raini, na ga an shayar da ciyawar roba. Amma ban taɓa ganin an hana mace mutuwa don tana da amfani a raye, sannan a ba ta izinin mutuwa ran da mutuwar ta fi amfani ba, sai a Shifa. Kuma duk wanda ya sa hannu a ciki yana da hujja mai tsabta: ɗaya nizami, ɗaya aure, ɗaya 'ya'ya a gida. Ba wanda ya zagi tsohon, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Da ladabi aka yi komai.

Wani abokin aikin Mujtaba da ke tarbar baƙi ya tare mu. Bai san Ghali ba.

"Ya hajji, mai makoki yana can. Ku bi layi."

Na buɗe baki, Ghali ya matse hannuna. Ya bi layi. Maƙwabtan da suka gane shi suka duƙufa kallon kofunan gahawarsu, kamar an rubuta wani abu a ciki. Muna matsowa na ji Abu Salih yana faɗa wa Mujtaba a kunne, amma ba can ƙasa ba, "Kada maganar Asabar ta dame ka, ɗana. Kana cikin rashi. Ƙungiya ba dutse ba ce. Ka dai samo mai iyali."

Sai ga Ghali a gabansa.

Mujtaba ya yi fari. Ya miƙo hannu don mutane suna kallo. Ghali ya kama da hannu biyu, ya riƙe, bai yi sauri ba. Da Hausa ya yi maganar.

"Ya haƙuri?"

Mujtaba ya kawar da ido.

"Allah ya jiƙanta," in ji Ghali. "Mutuniyar kirki ce. Na san ta."